Ernst van Aaken: Likitan ƙauye da ya koya wa 'yan tsere gudu a hankali

A safiyar Lahadi, 5 ga Agustan 1984, mata 50 suka jeru a birnin Los Angeles na Amurka domin gudun famfalaki na mata, karo na farko a tarihin gasar Olamfik. Joan Benoit 'yar Amurka ce ta lashe lambar zinare, bayan da ta share kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 24 da daƙiƙa 52. Ɗaya daga cikin mutanen da suka fi daɗewa suna fafutukar ganin wannan rana bai riske ta ba, domin wata huɗu kafin nan ya mutu a wani ƙaramin gari da ke yammacin Jamus. Likita ne, sunansa Ernst van Aaken, kuma shekaru 12 na ƙarshen rayuwarsa ya yi su ne ba shi da ƙafa ko ɗaya. Abin da ya shafe kusan shekara 40 yana karantarwa shi ne cewa wanda ke son ya yi nisa kuma ya yi sauri a ranar gasa, to ya yi yawancin atisayensa a hankali, ta yadda bugun zuciyarsa zai tsaya a wajajen 130 a minti ɗaya.

An haife shi ranar 16 ga Mayun 1910 a Emmerich, wani gari da ke bakin kogin Rhine, dab da iyakar Jamus da Holan. A ƙuruciyarsa ya yi wasan tsallen gwangwala da wasannin lanƙwasa jiki, wato wasannin da ke neman ƙarfi na ɗan lokaci, waɗanda ba su haɗa hanya da dogon zango ba. Ya karanci aikin likita, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zauna a Waldniel, kusa da birnin Mönchengladbach, inda ya zama likitan gari mai duba yara da manya. A nan ya zauna har ƙarshen ransa. A 1947 ya fara rubuce-rubuce kan tsarin da ya kira hanyar juriya zalla, sannan a 1953 ya kafa ƙungiyar wasanni ta OSC Waldniel, wadda 'ya'yanta suka zama waɗanda ya fara gwada tsarin a kansu.

Ya zo da wannan magana ne a lokacin da kunnen duniya ke wani wajen. A birnin Freiburg na Jamus akwai mai horar da 'yan tsere Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell, waɗanda suka tsara atisayen gudu da hutu: ɗan wasa ya zura da ƙarfi na mita 100 ko 200 ko 400 har bugun zuciyarsa ya kai wajen 180, ya dakata kamar daƙiƙa 90 har ya sauko zuwa 120, ya sake zurawa, haka har sau goma ko ashirin ko fiye. Tsarin yana da shaidu masu nauyi. Ɗalibin Gerschler, Rudolf Harbig, ya kafa tarihin duniya a mita 800 a 1939 da minti 1 da daƙiƙa 46.6, tarihin da ya yi shekara 16 ba a karya ba. Wani ɗalibin nasa, Josy Barthel na Luxembourg, ya ci zinare a mita 1,500 a Olamfik na Helsinki a 1952. A gasar dai Emil Zátopek na Chekoslobakiya ya kwashe zinare uku, a mita 5,000 da mita 10,000 da famfalaki, kuma kowa ya san shi da maimaita zagayen mita 400 har sai an gaji da ƙirgawa. Jami'a tana bayan wannan tsari, lambobin yabo suna bayansa, hukumomin wasanni suna bayansa. Sai ga likitan ƙauye ya fito yana cewa an ɗora jirgin a kan turbar da ba ita ba.

Hujjarsa ta ta'allaƙa ne a kan iskar oksijin. Tsoka tana samun ƙarfi ta hanya biyu. Idan gudu bai tsananta ba, iskar da jini ke kawowa tana isar ta, sai ta ƙona mai da sukari a tsanake, aikin kuma ya ɗore na awanni. Idan gudu ya tsananta, buƙata takan zarce abin da zuciya ke iya kawowa, sai tsokar ta koma cin bashi, ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya sarƙe, cikin 'yan mintuna mutum ya tsaya ko yana so ko ba ya so. Van Aaken ya ga cewa mai gudun kilomita biyar ko goma ko arba'in kusan duk tafiyarsa ta hanyar farko ce, don haka ita ce ta cancanci a ba ta lokaci. Wanda kullum yake atisaye cikin bashin iska, a ganinsa, yana koya wa jikinsa jure wahala ne kawai, alhali rijiyar da ake ɗiba ba ta ƙara zurfi ba.

Lissafin zuciya mai sauƙi ne ga duk wanda ya taɓa lura da 'yan ga-ruwa. Jikin baligi da ke zaune yana buƙatar jini kamar lita biyar a minti. Zuciyar da ba ta saba da aiki ba tana tura kimanin mililita 70 a kowane bugu, don haka sai ta buga sau saba'in ko makamancin haka kafin ta cika wannan adadi. Zuciyar da aka daɗe ana horarwa ɗakinta yakan faɗaɗa, ta riƙa cika sosai tana juyewa sosai, sai bugu arba'in ko hamsin ya wadatar. Mai babbar jarka ba ya zirga-zirga zuwa famfo kamar mai ƙarama. Shi ya sa za a tarar da gwanin dogon zango yana kwance bugun zuciyarsa bai wuce arba'in da 'yan kai ba, alhali na yawancin mutane yana tsakanin 60 da 100. Bayan zuciya, dogon gudu a hankali yana ƙara yawan ƙananan jijiyoyin jini da ke ratsa tsoka, yana kuma ƙara yawan wasu 'yan murahu da ke cikin ƙwayoyin tsokar, inda ake ƙona abinci da iska. Wannan na ƙarshe sai a 1967 masanin Amurka John Holloszy ya tabbatar da shi a gwajin da ya yi da ɓeraye, shekara 20 bayan van Aaken ya fara rubutu.

Akwai kuma batun makamashi, wanda ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kamar kuɗin aljihu ne, yana kusa, yana da saurin fita, amma ba shi da yawa. A gudun famfalaki yakan kusa ƙarewa a wajajen kilomita 30, inda ake ganin manyan 'yan tsere sun koma jan ƙafa. Kitse kuwa kamar hatsin rumbu ne, ko siririn mutum yana da wanda zai kai shi tafiyar kwanaki, sai dai fito da shi yana son iska da yawa da natsuwa. Gudu a hankali ne ke koya wa jiki buɗe rumbun ya bar kuɗin aljihu sai ƙarshen tafiya.

Ƙa'idojin da ya ba ɗalibansa ba su da wuyar faɗi. A yi gudu kullum, a yi da yawa, a yi shi da saurin da mutum zai iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da maganar ta yanke ba. Idan numfashi ya fara ɗaukewa a koma tafiya da ƙafa na ɗan lokaci, ba abin kunya ba ne. Gudu mai tsanani kuwa bai hana ba, sai dai ya taƙaita shi zuwa kamar kashi ɗaya cikin ashirin na dukkan atisaye, kuma ko shi ɗin kada ya wuce saurin da ake son yi a ranar gasa. A zamaninsa babu agogon hannu mai auna bugun zuciya, sai a farkon shekarun 1980 kamfanin Polar na Finland ya fara sayar da irinsa. Yatsa biyu ake ɗorawa a wuyan hannu ko a gefen wuya, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Wanda ya samu 32 ko 33 yana kan hanya. Wuyar tsarin tana wajen aikatawa, domin matashi mai jini a jika ya fi son a gan shi yana haki, kuma ba ƙaramin haƙuri ake buƙata ba kafin mutum ya bari tsoho a kan keke ya wuce shi bai bi shi ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima, ko da bai taɓa ɗora ta a kan ma'aunin likita ba. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro watanni suke yi a hanya, kuma madugun da ya san aikinsa da takun jaki yake auna tafiyar ayari, zango bayan zango, domin wanda ya ƙure dabbobinsa a makon farko ba zai ga kasuwar Salaga da kayansa ba. Har yau manomin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da ke takawa zuwa gona mai nisa ya dawo, da makiyayin da ke wuni bayan shanu, suna gina irin zuciyar da van Aaken ke nema ba tare da sun san sunansa ba. Abin ban takaici shi ne, idan ɗan irin wannan gida ya tashi shirin gudun tantance masu shiga aikin soja ko ɗan sanda, sau da yawa sai ya yar da abin da ya gada, ya fito da asuba ya fizga iya ƙarfinsa kwana uku a jere, a na huɗu gwiwa ko ƙwauri ya kwantar da shi. Shi kuma ma'aikacin ofis da likita ya ce wa ya motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, yakan ɗauka sai ya jiƙe sharkaf ne ya yi abin kirki, ya wahala mako guda ya daina. A ƙasa mai zafi ma'aunin bugun zuciya ya ma fi amfani, domin a watannin bazara zuciya takan ƙara bugu a kan gudun da a lokacin hunturu ba ya damun ta, saboda tana tura wani kaso na jinin zuwa fata don sanyaya jiki. Sai dai mai ciwon zuciya, ko mai shan maganin hawan jini irin wanda ke rage bugu, lambar da ta dace da shi a bakin likitansa take.

Magana ba ta cin gasa, kuma van Aaken ya daɗe yana jiran wanda zai tabbatar da tasa a fili. Iska ta fara juyawa a Olamfik na Rum a 1960, inda ɗaliban Arthur Lydiard na New Zealand, wanda shi ma a nasa ɓangaren yake sa 'yan wasansa gudun kilomita 160 a mako, suka ci zinare a mita 800 da mita 5,000 ta hannun Peter Snell da Murray Halberg. A gasar ce Abebe Bikila na Habasha ya ci famfalaki ba takalmi. Nasa rabon ya zo a Tokyo a 1964, lokacin da ɗalibinsa Harald Norpoth, wani dogo siriri, ya ci lambar azurfa a mita 5,000 a bayan Bob Schul na Amurka. Shekara biyu bayan haka Norpoth ya kafa tarihin duniya a mita 2,000. Abin da ya fi ɗaure wa masu suka kai shi ne, an san Norpoth da zafin gudu a zagayen ƙarshe, wato daidai abin da aka ce gudu a hankali zai kashe.

Daga wannan tunani ne sauran fafutukarsa ta tsiro. Idan dogon zango aikin haƙuri ne da iska, to babu dalilin hana shi ga waɗanda aka saba hanawa, wato tsofaffi da yara da mata. A 1960 ya kafa ƙungiyar dattawa masu gudun dogon zango, a zamanin da ake ganin ɗan shekara 50 da ke sassarfa a titi kamar ya samu taɓin hankali. Batun mata ya fi zafi. Tun bayan tseren mita 800 na mata a Olamfik na Amsterdam a 1928, wanda Bajamushiya Lina Radke ta lashe, aka yayata cewa matan sun galabaita fiye da kima, aka cire tseren, ba a dawo da shi ba sai 1960. Mita 1,500 kuwa sai 1972. A Afrilun 1967 a Boston wani jami'in gasa ya yi yunƙurin fizge lambar Kathrine Switzer ya fitar da ita daga cikin masu famfalaki, hoton ya zagaya duniya. Wata biyar bayan haka, ranar 16 ga Satumba, van Aaken ya saka ɗalibarsa Anni Pede-Erdkamp, matar aure mai 'ya'ya biyu, a gudun famfalaki a Waldniel. Ta gama cikin awa 3 da minti 7, lokacin da babu macen da ta taɓa yin irinsa a duniya.

A 1972, yana da shekara 62, ya fita gudunsa na yau da kullum sai mota ta buge shi. An ceto ransa, amma sai da aka yanke ƙafafunsa biyu. Mutumin da ya gina rayuwarsa a kan taku, wanda yake gaya wa marasa lafiyarsa su tashi su motsa, ya wayi gari ba zai ƙara yin sassarfa ba. Shi da kansa ya danganta tsirar da ya yi da ƙarfin zuciyar da gudu ya gina masa. Ko ma mene ne dalilin, manyan ayyukansa bayan haɗarin suka zo. Ranar 28 ga Oktoban 1973 ya shirya gudun famfalaki na mata zalla a Waldniel, irinsa na farko, inda Christa Kofferschläger, wadda daga baya aka sani da Christa Vahlensieck, ta gama a ƙasa da awa uku. A Satumban 1974 ya gayyato mata daga ƙasashen waje, Liane Winter ta Jamus ta zo ta ɗaya, kuma a shekarar da ta biyo ta je Boston ta kafa tarihin duniya da awa 2 da minti 42 da daƙiƙa 24. Tare da ɗan tseren Olamfik Manfred Steffny ya kafa mujallar Spiridon ta masu gudu. A 1976 aka fitar da tarin rubuce-rubucensa da Turanci a Amurka, daidai lokacin da sassarfar safe ta zama yayi a can. A 1979 babbar gasar mata ta duniya da kamfanin Avon ke ɗaukar nauyi, wadda Kathrine Switzer ke jagoranta, ta sauka a Waldniel, Joyce Smith ta Ingila ta lashe. Waɗannan gasanni ne suka zama hujjar da aka ajiye a gaban kwamitin Olamfik, wanda a 1981 ya amince da famfalakin mata.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba, kuma adalci ne a faɗi hakan. Mutum ne mai kaifin ra'ayi, wanda idan ya kama gaskiya ɗaya yakan so ta buɗe kowace ƙofa. Ya ɗauki ra'ayin masanin Jamus Otto Warburg game da alaƙar ciwon daji da numfashin ƙwayoyin jiki ya kai shi nesa, har ya riƙa nuna gudu a matsayin garkuwa daga cutar, alhali abin da bincike ya nuna daga baya bai wuce cewa motsa jiki yana rage haɗarin wasu nau'o'inta ba. Ya matsa wa 'yan wasa su rage ci su rame ƙwarai, shawarar da likitocin wasanni na yau ke ɗari-ɗari da ita, musamman ga 'yan mata, saboda illarta ga ƙashi da al'ada. Ya yi hasashen cewa halittar mace ta fi dacewa da dogon zango fiye da ta namiji, amma har yau maza ne ke gaba a lokutan famfalaki. Ita ma lamba 130 ba ta zauna wa kowa daidai, domin iyakar bugun zuciya tana raguwa da shekaru kuma tana bambanta daga mutum zuwa mutum. Su ma mutanen Freiburg ba a kan ɓata suke gaba ɗaya ba. Babu gwanin dogon zango a yau, a Kenya ko Habasha ko Turai, da ba ya yin gudu da hutu wani lokaci a cikin mako.

Sai dai a kan ainihin gardamar, wato wanne ne tuwo wanne ne miya, zamani ya karkata wajensa. Ba'amurke Phil Maffetone ya zo da lissafin cire shekarun mutum daga 180 don samun iyakar bugun da zai yi atisaye a kai, ta yadda ɗan shekara 40 zai tsaya a 140, ɗan 50 kuma a 130; da wannan tsari Mark Allen ya yi aiki, wanda ya lashe gasar Ironman ta Hawaii sau shida. Masanin wasanni Stephen Seiler, da ya bi diddigin atisayen zakaru a gudu da tseren keke da tuƙin kwale-kwale, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, ragowar ne mai tsanani. Kason ya fi wanda van Aaken ya yarda da shi, amma tsarin ginin nasa ne.

Ɗaya daga cikin littattafansa da suka fi shahara ya yi wa mai karatu albishir da rayuwar shekara ɗari. Shi bai kai ba. Ya mutu a Waldniel ranar 2 ga Afrilun 1984, saura mako shida ya cika shekara 74. A tseren Los Angeles da aka yi bayan wata huɗu, Grete Waitz ta Norway ta bi bayan Benoit, Rosa Mota ta Fotugal ta zo ta uku. Joyce Smith, wadda ta ci gasar Waldniel a gabansa shekara biyar kafin nan, ta zo ta 11 tana da shekara 46.